Gilashin da ya yi ta komawa ruwan ɗorawa

Ƙannena masu son shiga aikin ferobiskayit, sinadarin nan da ake shimfiɗawa a kan gilashi don tatsar lantarki daga hasken rana, ku zo ku ji yadda na ɓata wata huɗu a wani ɗakin gwaji a Jidda.

A takarda abin ba wuya. A narka gishirin dalma mai aidin da na metilamoniyam cikin ruwayen narkarwa biyu, DMF kashi huɗu, DMSO kashi ɗaya, a ɗiga a kan gilashi, inji ya juya shi sau 4,000 a minti har daƙiƙa 30. Ana cikin juyin sai a watsa masa kulorobenzin, ruwan da ke sa sinadarin ya ƙanƙare nan take, sannan a gasa a zafin digiri 100 na minti 10. In an dace, ya fito baƙi wuluk yana sheƙi kamar madubi, kaurinsa bai wuce rabin maikuron ba (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya).

Nawa kuwa sai ya fito da hazo-hazo, in na ɗaga shi wajen fitila in ga ƙananan huji, kafin kwana biyu ya koma ruwan ɗorawa. Na zargi sinadari, na zargi inji, har mai wanke kwalabe bai tsira ba, Allah ya yafe mini. Ashe laifin nawa ne. Akwatin naitirojin, rufaffen akwatin da ake aiki a ciki don gudun laima, kullum da layi, ni kuma ga gaggawa, sai in yi aikina a fili. Wanda ya san Jidda a watan Satumba ya san iskar bahar ɗin nan jiƙe take sharkaf. Laima tana warware sinadarin, gishirin dalmar ya dawo da launinsa na ruwan ɗorawa. Ga shi ban taɓa rubuta yawan laimar ranar ba, balle daƙiƙar da na watsa kulorobenzin. Yau a ta takwas, gobe a ta goma sha biyar, yadda hannu ya ga dama. Wannan 'yar tazarar ita ke raba madubi da hazo.

Ku sayi ma'aunin laima da agogon ƙidaya tun ranar farko, ku rubuta komai, har wanda ya lalace. Kada ku cire safar hannu don zafi: dalma guba ce, DMF kuma yana taɓa hanta.

Na kuma daɗe ina raina shafawa da wuƙa, wato a ja ruwan a kan gilashi da bakin ƙarfe maimakon inji ya juya shi, wai aikin marasa kayan aiki ne. Alhali juyi yana watsar da mafi yawan ruwan, kuma ba ya yin babban faifai. Ranar da na fara gani ana jan ruwan da bakin wuƙa a kan gilashi mai ɗumi, sai na tuna Inna a Mai Wurno ta Sudan tana shafa kisira, siririn burodin nan, da gargariba, ɗan abin shimfiɗa ƙullun: ja ɗaya, ba tsayawa, ba komawa baya. Da na ba ta labari a waya, cewa ta yi, “To ɗan nan, har Saudiyya ka je koyon wannan?”