Na gode, an yi aikin bakin mahaifa lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, an yi aiki an gama lafiya, kuma sakamakon ɗan naman da aka cire ya fito: an kwashe wurin da ya fara lalacewa gaba ɗaya, babu kansa a ciki. Kira da saƙonni sun fi ƙarfin in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta a nan.

Bari in fara gyara zance, domin labari ya yi ta ƙaruwa a hanya. Wata ta kira Umma tana kuka wai an cire mini mahaifa. Mahaifata na nan daram. Abin da gwaji ya nuna shi ne ƙwayoyin halittar da ke bakin mahaifa sun fara sauya kama, matakin da likitoci ke kira CIN 2. Ba kansa ba ce, hanyarta ce, kuma doguwar hanya. A jikin mace mai ƙarfin garkuwa akan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin irin wannan sauyi ya zama sankara, ga mai raunin garkuwa kuwa shekara 5 zuwa 10. Ni ba na jin ciwon komai. Gwaji ne kawai ya tona.

Aikin sunansa LEEP. Ba a tsaga ciki, ba a sa mutum barci, ba a kwana asibiti. Allurar kashe zafi aka yi mini a bakin mahaifar, sannan likita ta sa wata siririyar waya mai lanƙwasa da ke aiki da lantarki ta shafto wurin, ta ƙona bakin jijiyoyin don jini ya tsaya. Duka bai kai rabin awa ba. Allurar ta sa gabana faɗuwa, ƙafafuna suka ɗan yi rawa, amma da ma an gaya mini hakan na faruwa. Gaskiya zaman jiran sakamako ya fi aikin kansa wuya nesa ba kusa ba.

Likita, Allah ya saka miki da alheri. Kin zana mini hoton bakin mahaifa a takarda, kin nuna mini daidai inda za ki taɓa, kuma da na tambaye ki maganar haihuwa ba ki rufe ni da daɗin baki ba. Kin ce aikin ba ya hana ɗaukar ciki, sai dai yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, don haka in sanar da masu awo duk ranar da na samu juna biyu. Wannan gaskiyar ta fi kwantar mini da hankali a kan "kada ki damu" da kowa ke faɗa. Sista da ta riƙe hannuna tana jana da hira har aka gama, ban ma tambayi sunanki ba, Allah ya raya miki zuri'a.

Godiyar da ta fi mini nauyi ta maigida ce. Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, kuma ta hanyar saduwa ake ɗauka. Kalmar nan kaɗai ta isa ta hargitsa gida. Likita ta zaunar da mu tare ta yi bayani: yawancin ma'aurata da masu saduwa sukan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, jiki kan kore ta da kansa, wani lokaci kuma ta kwanta shekaru ba alama, don haka babu mai iya cewa yaushe ta shigo ko daga wa. Abban yara, ba ka dube ni da wani ido ba, ban kuma dube ka ba. Ka yi haƙurin makonni huɗun da aka ce a ƙaurace wa shimfiɗa, ka hana ni ɗaga ko bokitin ruwa. Allah ya bar mu tare.

Yaya, ke kika matsa mini in je gwajin tun ina cewa lafiyata ƙalau. Ƙanwata da ta riƙe yara, Umma da addu'arta, maƙwabta da abokan aiki, na gode ƙwarai.

Masu tambaya ta ya jiki: ciwon mara irin na al'ada ya wuce, ruwa mai duhu da ɗigon jini da aka ce zan gani suna raguwa. An gargaɗe ni in koma da gaggawa idan jini ya ɓalle, ko zazzaɓi, ko wari, kuma ba ko ɗaya da ya faru.

Mata da dama sun turo mini a ɓoye suna tambayar yaushe ake fara gwajin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 30, masu ɗauke da HIV kuma daga 25. Rigakafin HPV kuwa na 'yan mata ne masu shekara 9 zuwa 14, kuma babbar 'yata ta riga ta karɓa. Wadda ke jin kunyar tambaya a fili ta same ni ta saƙo, sirrinta na rufe.

Nan da wata shida zan koma a sake gwaji don a tabbatar ƙwayar ta tafi. A ci gaba da sa ni a addu'a. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yafe ni, zan neme ku in sha Allahu.