Godiya ga duk wanda ya tsaya a teburin littattafanmu a Sallar nan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da Sallah, an sha ruwa lafiya. Sai yau na samu na zauna da waya, don tun ranar Sallah ta uku muryata ta dushe, Inna tana ta ɗura min citta da zuma. Jiya da daddare ni da Maigida muka zazzage kwalayen da suka rage muka ƙirga. Kwafi 600 na fita da su, 74 suka dawo gida. Alhamdu lillahi.

Waɗanda suka san ni sun san malamar firamare ce ni, ban taɓa kasa ko tsinke a kasuwa ba. Littattafai biyu ne na rubuta wa yara, na buga da kuɗin adashina. Ɗaya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce kamar yadda kakata ta riƙa yi mana ita, ɗayan kuma yawo ne da wata yarinya take yi da kakanta daga ƙofa zuwa ƙofa a birnin Kano, yana ba ta labarin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, da marinar Ƙofar Mata, da Kasuwar Kurmi wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Har lambar ISBN na nema daga Laburaren Ƙasa, don kada a ce wasan yara nake yi.

Ranar 12 ga azumi aka kira ni daga maɗaba'a cewa aiki ya fito. Na je da murnata, na buɗe littafin ƙofofi a tsakiya, sai gabana ya faɗi. Duk baƙaƙe masu lanƙwasa sun zube. Ƙofa ta zama kofa, ɗaki ya zama daki. Inda na rubuta "baƙi sun shigo gari" sai ga "baki sun shigo gari". Ni da nake tsayawa gaban allo kullum ina cewa yara su sa wa ƙ ƙugiyarta, ta yaya zan miƙa musu wannan? Ashe kwamfutarsu ce ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi, wani kuma ya ga alamu sun cika shafi ya maye su da k da d da b, a ganinsa gyara ya yi. Na zauna a kan rim ɗin takarda na yi kuka, da azumi a bakina. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin daga baya mai wurin ya yi abin da ya dace, muka raba asarar biyu. Amma yaron da ya zauna dare uku bayan Asham yana bin littafin shafi-shafi da ni a waya har aka sake faranti, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka mace tagari.

Da goman ƙarshe ta shigo, ƙanina ya samo min gefen rumfar wani abokinsa kusa da Kantin Kwari. A lissafina, inda ake sayayyar Sallah nan ne kuɗi yake. Haka ne kuwa, kuɗi na nan, sai dai ba nawa ba ne. Mutane suna wucewa da shadda da atamfa da leshi a kai, masu dako suna "hanya, hanya", rana kamar ta fasa kai. Kwana huɗu, kwafi 9. Wata Hajiya ta ɗauki littafin Gizo ta jujjuya, ta ce, "Malama, littafi kuma a Sallah? Ai an yi hutu." Ta ajiye ta sayi tabarau uku a teburin kusa da ni.

To mai tabarau ɗin nan, shi ne mutum na farko da zan gode wa da gaske. Dattijo ne, yana sayar da agogon roba da bindigar ruwa da balan-balan. Rana ta huɗu, ana gab da shan ruwa, ya miƙo min dabino ya ce, "'Yata, kin zo kasuwar iyaye. Uba yanzu ɗinki ne a ransa da kajin Sallah. Ki bari sai kuɗi ya koma aljihun yara, ki same ni a titin Gidan Zoo." Baba, ban ko tambayi unguwarku ba. Duk wanda ya san shi ya isar masa da gaisuwata.

Washegarin Sallah muka shimfiɗa tabarma a bakin wani shago da ke rufe, ba nisa da ƙofar Gidan Zoo na Audu Bako. Wanda bai taɓa ganin titin nan ranar Sallah ba ba zai gane ba: yara gari guda, an ci ado, an sha lalle, 'yan maza da huluna sun fi kansu, kowa da 'yan kuɗin barka da Sallah a dunƙule a hannu. Awa ɗaya ba wanda ya kalle mu. Sai 'yata ta ce, "Umma, ki karanta musu mana kamar yadda kike yi a aji." Na ji kunya, wallahi. Amma na ɗaga littafin na ce da ƙarfi, "Ga ta nan, ga ta nanku!" Wasu yara da ke layin mai askirim suka juyo baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta!" Kafin Gizo ya gama yi wa Ƙoƙi ƙaryarsa ta farko, tabarma ta cika, na baya suna ɗage. Da na zo daidai inda asirinsa zai tonu sai na rufe littafin na ce sauran yana ciki. Allah Ya yafe min, wannan dabarar ta Gizo ce da kansa.

Akwai wata 'yar yarinya da ba za ta wuce shekara takwas ba, da ƙannenta biyu. Ta tsugunna ta kwance bakin gyalenta, ta baje naira hamsin-hamsin da ɗari-ɗari duk sun cukurkuɗe, ta ƙirga sau biyu, 700. Littafin 1,000 ne. Ta kalli ƙaninta, shi kuma ya damƙe aljihu, don kuɗin ganin zaki ne. Suka yi ta ƙus-ƙus. Can ya ciro 200 yana ɓata rai, da sharaɗin shi zai riƙe littafin har gida. Na ce su bar ragowar. Daga ranar duk yaron da ya zo da kuɗinsa na kansa 800 na sayar masa, Maigida yana ta harara ta yana lissafi a bayan kwali.

Na gode wa wani Alhaji da ya saya wa jikokinsa biyar, ya tsaya ya karanta littafin ƙofofi a tsaye tun daga bango har bango, sannan ya ce, "Malama, kin sa Nasarawa, kin sa Na'isa da Ɗan Agundi da Kabuga da Mazugal, ina Ƙofar Waika? Mu ba 'yan birni ba ne?" Alhaji, ka yi gaskiya, kuma ba ita kaɗai na bari ba. Bugu na biyu in sha Allahu yarinyar za ta biya ta unguwarku.

Maigida, kai ka ce in gwada lokacin da ni kaina na karaya, ka kuma yi dakon kwalaye da sabuwar shaddarka. Allah Ya ƙara arziki. Ƙanina da ya tsaya da na'urar POS cikin rana, ɗalibata ta dā da ta zana hotunan ba ta karɓi ko rabin haƙƙinta ba, mai adaidaita sahun da ya riƙa jiranmu har bayan Isha, malaman makarantarmu da suka zo da 'ya'yansu, da ku da kuka yi ta yaɗa hoton a Facebook da WhatsApp, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda intanet ta riƙe musu taransifa muka tsayar da su, ku yi haƙuri, duk kuɗin sun shigo.

Masu tambaya, ragowar 74 ɗin mafi yawansu na ƙofofi ne, na Gizo saura 11. Ina fatan samun ko rabin tebur ne a kasuwar baje koli ta ƙarshen shekara, ita ma a titin Zoo ɗin. Sannan akwai yaro mai jar hula da ya ba ni 1,000 ranar Sallah ta uku, ya fizgi littafi ya ruga bin yayyensa. Canjinka 200 yana nan na sa a ambulan, duk wanda ɗansa ne ya yi min magana ta akwatin saƙo.