Godiya bayan buɗe famfon tunawa da Mama

Jama'a, sai yau na samu na zauna. Baƙinmu na ƙarshe sun kama hanyar Ngaundere jiya da asuba don su riski jirgin ƙasa na dare mai zuwa Yawunde, ni kuma har yanzu ƙafafuna a kumbure suke. Amma mun gode wa Ubangiji: an yi addu'a, an buɗe rijiyar burtsatsen da muka haƙa don tunawa da Mama, ruwa yana zuba.

Wasu sun so a sayi benci ko kayan kiɗa wa majami'a. Mu 'ya'yanta mun ce ruwa. Duk wanda ya zauna Yelwa a nan Garwa ya san randunan da take jerawa a ƙofar gida a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba ta taɓa tambayar mai sha wace hanya yake bi ba. Shi ya sa Baba Fasto ya karanta Matiyu 10:42, ayar da ke maganar ladan ba da ko da kofin ruwan sanyi, kuma shi ya sa dattawan ikilisiya suka yarda a kafa famfon a wajen katanga, bakin hanya.

Kun san wahalar da aka sha, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku sani ba shi ne daren da masu haƙa suka ci karo da dutse, kuɗi kuma ya ƙare. Ina zaune ina lissafin abin da zan sayar, sai ga Hajiya mai ƙosai, maƙwabciyarmu, bayan sallar isha'i. Na san ba ta son a faɗa, ta yafe mini. Ta kwance bakin zaninta, ta zube mini tsabar sefa, dala biyar-biyar da dala goma-goma, cinikin yini guda, har da maiƙo a jikinsu. Ta ce ranar da ta haifi autarta Mama ce ta kwana a kanta. Kuɗin bai kai jaka uku ba, amma washegari da labarin ya zaga, matan layinmu suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya, Allah ya raya miki zuri'a, ya kai ki Makka kuma, ya sa kada ki nemi abu ki rasa.

Zumuntar Mata, iyayenmu, kun dafa, kun share, kun yi waƙa da Hausa da Fulatanci har muryoyinku suka dushe. Mama ta yi hidima tare da ku tun kafin a haife ni, kun kuwa riƙe zumunci. Ubangiji ya shafe hawayenku kamar yadda kuka shafe namu. Mai unguwa da Malam liman, kun zauna a rana har aka tashi, Allah ya ƙara girma. Matasan da suka ɗauki siminti, Allah ya ba ku aikin yi.

'Yan'uwanmu na Duwala, mun ga saƙonninku a WhatsApp. Hanya da nisa, mun sani. Sai dai aika kuɗi ta waya da Orange Money ba ya buƙatar tikitin mota. To, ya wuce.

Famfon na kowa ne, ba a biyan ko dala. Abin da ya rage na baiko yana hannun ma'ajin Zumuntar Mata don gyara. Waɗanda muka ari kujerunsu da tabarmi, gobe da yamma yara za su mayar muku.