Godiya ta musamman, ɗana ya koma ɓangaren manya lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdulillah jiya muka je ganin likita karo na farko a asibitin manya, shi ne na ce bari in yi godiya tun kafin hidima ta sha kaina.

Waɗanda suka san mu sun san ɗana na fama da ciwon Duchenne, wanda ke cin ƙarfin tsoka a hankali har ya kai ga ta numfashi da zuciya. Tun yana shekara 14 yake kwana da injin numfashi, yanzu har da rana sai ya saka. A nan Ingila yaro in ya kai 16 zuwa 18 sai ya bar ɓangaren yara, kuma tun yana 13 ko 14 ake so a fara shiri. An gaya mana da wuri amma wallahi duk ranar da aka ɗauko maganar sai gabana ya faɗi, don can likita ɗaya ce ta san komai nasa, a manya kuwa na huhu daban na zuciya daban na jijiya daban, kuma wa zai bar ni in kwana a gefen gadonsa, yaron da ba ya iya ɗaga hannu ya danna ƙararrawa in takunkumin injin ya goce masa daga fuska da dare?

Nas ɗinmu ta ɓangaren yara, baiwar Allah, ban san da wane baki zan gode miki ba. Ta zauna ta rubuta komai a fayil guda, saitin injin, awa nawa batir ke yi, yadda ake sa masa injin tari a fitar da majina. Ta ja layi da jan biro inda ta ce kar a ba shi oksijin shi kaɗai ba injin, don gurɓatacciyar iska za ta taru masa a jini. Kuma da ƙafarta ta raka mu jiya.

Sabon likitan ma na gode masa. Yana shigowa ya ja kujera gaban keken yaron, shi ya tambaya ba ni ba. Na buɗe baki zan amsa kamar yadda na saba, ya ce Mama bari mu ji daga bakinsa. Ɗana ya yi magana yana tsayawa yana jan numfashi, ya ce shi da rana ya fi son ɗan bututun injin da ake sawa a baki, takunkumi na hana shi hira da abokai a kwaleji, ga ciwon da ya yi masa a karan hanci. Ashe ya daɗe da abin a ransa, ni ban sani ba. Sai da na fita waje na share hawaye.

An sha wuya wajen kuɗin masu kula da shi da dare, da ya cika 18 sai da aka sake tantance shi daga farko, takardu suka maƙale a wani ofis. A tsakanin nan ni da Babansa da ƙanwarsa muke karɓa-karɓa. Matan masallacinmu da kuka dinga aiko mana da tuwo da masa, da Hajiyata a Kano da ba ta fasa kira bayan asuba, Allah ya saka muku da Aljanna.

Wata mai zuwa za mu ga likitan zuciya, don Allah a ci gaba da sa shi a addu'a.