Alwatika uku a kan layi ɗaya

Tun ina sakandare na haddace yadda ake nemo gangarar layi: ka ɗauki ɗigo biyu, ka ɗebe y na farko daga y na biyu, ka yi wa x haka, sannan ka sa sakamakon y a sama, na x a ƙasa, ka raba. Na ci jarrabawa da wannan haddar, har na koya wa wasu. Amma ban taɓa tambayar kaina daga ina ta samo asali ba, sai daren da ƙanwata ta zo da aikin gida, ta shimfiɗa takardar giraf a gabana.

Layin da aka ba su ya bi ta (0,1), (3,3), (6,5) da (9,7). Ita ta ɗauki biyun farko ta samu 2 bisa 3. Ƙawarta ta ɗauki na farko da na ƙarshe ta samu 6 bisa 9. Ta ce, "Yaya, na san in aka rage 6 bisa 9 zai koma 2 bisa 3. Abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa dole su zo ɗaya? Ko dai dace aka yi?" Har na buɗe baki zan ce ai haka dokar take, sai na ji wannan bai amsa mata komai ba. Na ce ta miƙo fensir da rula.

Daga (0,1) muka ja layi a kwance zuwa dama, gida uku, sannan muka haura sama gida biyu har muka taɓo (3,3). Ga alwatika ta fito, mai kusurwar digiri 90 a inda muka yi kwana, layinmu kuma shi ne gefenta mafi tsawo. Muka sake yin wata daga (3,3) zuwa (9,7): tafiya shida, hawa huɗu. Sai babba daga (0,1) zuwa (9,7): tafiya tara, hawa shida. Na zana su daban a kwali, ta yanke da almakashi. Da ta ɗora ƙaramar a kan babbar, ta haɗa bakinsu mai tsini, sai gefe ya kwanta a kan gefe cif-cif, ko siririn haske babu a tsakani. Ta yi shiru tana juya kwalin a hannu. Ni ma na yi shiru, don a lokacin ne nake ganin abin da idona.

Dalilin kuwa a fili yake. Gindin kowace alwatika a kwance yake, duk sun miƙe gefe guda, kuma layi ɗaya ne miƙaƙƙe ya ratsa su, don haka kusurwar da ya yi da kowannensu ɗaya ce, wajen digiri 34 a namu. Kowace tana da digiri 90. Tunda jimillar kusurwoyin alwatika 180 ne, ta ukun ma ba ta da zaɓi. Alwatikai masu kusurwoyi iri ɗaya siffarsu ɗaya, girma kawai ya bambanta su: in gindi ya ninka sau uku, tsayi ma sai ya ninka sau uku. Hawa bisa tafiya ba zai motsa ba ko ina ka aza fensir. Haddar nan tawa ta y da x ashe tsayin alwatika ne da gindinta, aka rubuta su da haruffa.

Bayan nan sai kurakurai suka fara fitowa, kuma su na fi ƙaruwa da su. Ta juya lissafin sau biyu, ta sa tafiya a sama. Ban ce mata shirme ba ne, domin magina dala a tsohuwar Masar haka suke auna nasu: tafin hannu nawa za a matsa a kwance a kowane kamu ɗaya na hawa, kamun kuma tafi 7 ne. Babbar dalar Giza tafi 5 da rabi ce a wannan awon. Mu dai mun zaɓi hawa a sama ne don lamba ta riƙa girma yayin da tudu ke ƙara tsini. Da ta ji haka ba ta sake juyawa ba.

Kuskure na biyu nawa ne. Na yi gaggawa na zana 'yar ƙaramar alwatika a inda layin bai faɗa kan mahaɗar gidaje ba, na ƙiyasta da ido, na samu 0.7 maimakon 0.67. A ƙa'ida kowace alwatika za ta yi, amma kaurin bakin fensir kaɗai ya isa ya ɓata awon ƙarama. Yanzu nakan nemi ɗigo biyu masu nisa da juna, waɗanda suka zauna daram a kan mahaɗa.

Sai layi mai sauka, daga (1,8) zuwa (4,2). Alwatika ta ba mu 6 da 3, wato 2, amma tsawon gefe bai san hawa ko sauka ba. Kai ne za ka bi layin daga hagu zuwa dama, in ka ga yana gangarowa ka sa alamar ɗebewa: -2.

Tambaya ta ƙarshe a takardarta tana da tarko. Kowane gida a tsaye yana wakiltar 5, a kwance kuma 1. Na fara ƙirga gidaje kamar yadda na saba, ta riƙe mini fensir. "Yaya, duba lambobin gefe tukuna. Gida biyu a nan goma ne."