Amsar da na ba tsohuwa mai kyanwa

Yau Talata, ranar zagayen asibitocin dabbobi don kwaso gawarwaki ke nan, amma abokin aikina Dogo ya karɓi motar saboda gwiwata ba ta sake ni ba tukuna, ni kuma na tsaya wajen tanderu da ɗakin baƙi a wurin aikinmu na ƙona gawarwakin dabbobin gida. Na isa kafin ƙarfe bakwai, gari da sauran duhu kamar yadda hunturun Ingila ya saba, na kunna ƙaramin tanderu na bar shi yana ɗaukar zafi. Ba a saka komai a ciki sai ɗakin sama, wanda hayaƙi ke bi, ya kai digiri 850, kuma doka ta ce dole hayaƙin ya yi daƙiƙa 2 cikin wannan zafi kafin ya fita ta bututu. Shi ya sa masu garejin da ke maƙwabtaka da mu ba su taɓa kawo ƙarar ƙauri ba.

Aikin safe ya tafi lami lafiya, har ina raha ni kaɗai. Na fito da zomo ɗaya da ƙaramin kare ɗaya daga ɗakin sanyi, na gwada takardar da ke ɗaure a jikin kowanne da wadda ke cikin fayil, na ɗora su a sikeli, sannan na bi wuyan karen da na'urar karanta ɗan guntun nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar shaidar dabbar. Tun 2016 ya zama tilas ga karnuka a ƙasar nan, kyanwoyi kuma tun watan Yunin 2024, kuma ya rage mana ruɗani ƙwarai. Sai dai guntun ba ya jure wuta. Abin da ke jurewa shi ne ɗan faifan ƙarfe mai lamba da muke sakawa tare da kowace dabba, ya shiga da ita, ya fito tare da ƙasusuwanta ya yi baƙi ƙirin, amma lambar tana karantuwa. Zomon ya fara shiga, karen ya biyo baya, tsakaninsu na kwashe na share kamar kullum.

Ƙarfe goma sha ɗaya tsohuwar ta iso a tasi. Oga ta riga ta rubuta a allo cewa mai zuwa da kanta ce, tana so ta tsaya a yi a gabanta. Ta shigo da kwandon saƙa a rungume, kyanwar na ciki a naɗe da rigar sanyi ta namiji, wadda daga baya ta ce ta marigayi mijinta ce. Shekarar kyanwar 19, jiya da yamma likita ya yi mata allurar ƙarshe a gida saboda ƙodarta ta gaza. Na zaunar da matar, na ba ta shayi, na bar ta ta yi maganarta, domin abu na farko da Oga ta koya mini shi ne kada a miƙa wa mai baƙin ciki takarda da biro kafin ya ajiye numfashi.

Da muka zo kan takardun sai na ga ta shirya. Ta san bambancin ƙonawar kaɗaici, inda dabba ke shiga tanderu ita kaɗai a mayar wa mai ita tokarta, da ƙonawar haɗaka, inda ake haɗa dabbobi da yawa ba a mayar wa kowa komai, kuɗin ma bai kai na farkon ba. Ta kuma san ta ukun da ba a cika rubutawa ƙarara a jikin takardun talla ba, wato a jera dabbobi da yawa a tanderu guda, a raba tsakaninsu da bulo ko a sa kowace a tire, sannan a kira abin da wani suna mai kama da kaɗaici. Wuta da iska ba su san iyakar tire ba, wannan kowa a sana'ar ya sani. Ta ce wata ƙawarta ta biya kuɗin kaɗaici ta hannun wani asibiti, bayan mako biyu aka ba ta akwati, har yau ba ta san ko a wane gari aka yi aikin ba. Saboda haka ita ba za ta aika ba, da ƙafarta za ta zo, kuma tana so ta ga cikin tanderun da idonta kafin a saka.

Na kai ta. Na sa ta tsaya bayan jan layi saboda hucin da ke fitowa, na ɗaga ƙofar, na haska mata ciki da tocila daga bakin har ƙurya. Ta sunkuya tana dogare da sandarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Ɗana, ina so ka gaya mini gaskiya. Babu tokar wani a ciki? Ko ɗigo?"

Na ce, "Babu, Madam, ko kaɗan."

Ta gyaɗa kai, ta ce ta gode. Na nuna mata faifan ƙarfen, ta karanta lambar a fili, ta rubuta a bayan ambulan ɗin da ke jakarta. Ta cire rigar sanyin domin na shaida mata cewa zaren roba ne, zai narke ya ɓata tokar, ta yanki ɗan gashi daga wuyan kyanwar da almakashin da muke ajiyewa don haka, ni kuma na ɗora kyanwar a hankali na rufe ƙofa. Ba ta iya jiran sanyin toka ba, mai tasi yana ƙirga mata kuɗi, sai muka yi da ita za ta dawo ranar Alhamis.

Tun da motar ta fita daga harabar amsar nan take ci mini rai, domin ba gaskiya ba ce cikakkiya, kuma na san haka a lokacin da nake faɗa. Daɓen tanderu bulo ne mai jure wuta, kuma duk bulon da ya sha zafi da sanyi kullum sai ya yi tsaga. Idan wuta ta gama, da manjagara mai dogon hannu muke jawo ƙasusuwa zuwa tire, mu bi da buroshin waya, mu sake bi, amma akwai ƙura mai laushi kamar garin alabo da ke kwanciya cikin tsagar, wadda babu buroshin da ke fito da ita duka. Haka ma injin da ke niƙa ƙasusuwan su zama abin da mutane ke kira toka. Ana goge shi bayan kowace dabba, amma ba wanda zai rantse cewa ya koma kamar sabo. Abin da ya rage daga zomo da karen safe bai fi a dangwala da kan yatsa ba, wataƙila ma bai kai ba. To amma ita "ko ɗigo" ta ce, kuma ɗigon yana nan.

Abin haushin shi ne akwai amsar da ta dace, kuma an koya mini ita tun makona na farko. Ana ce wa mutum: ita kaɗai za ta shiga, ita kaɗai za a kwashe, an share wurin iya abin da hannu zai iya kafin ta shiga, kuma duk abin da aka kwaso naki ne. Kowace kalma a cikin wannan gaskiya ce, kuma yawancin mutane hankalinsu na kwanciya da ita. Ban san abin da ya sa na tsallake ta ba. Ina jin idanun matar ne, da kuma kiran da ta yi mini na ɗa.

Da Dogo ya dawo da azahar muna sauke kaya na ba shi labari, sai ya yi dariya ya ce in wannan ne damuwata to ba ni da damuwa. A ganinsa alheri na yi, domin matar ba awon ƙura ta zo yi ba, so take a ce mata ba a cuce ta ba, kuma ba a cuce ta ba ɗin. Oga tana jin mu daga ofis, ta fito da kofinta a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ba ta faɗa. Cewa ta yi wanda ke jera dabbobi biyar a tanderu ya kira shi kaɗaici, shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan, wai mai dabbar ba zai taɓa sani ba kuma hankalinsa ya kwanta. Dogo ya ce ai ba za a haɗa wannan da wancan ba. Ta ce ba ta haɗa ba, amma a sana'ar da mai saye ba shi da hanyar duba abin da ya saya, maganar bakin ma'aikaci ita ce kayan, don haka ba ta son a rage mudu ko da ƙwaya ɗaya ce. Daga nan ta koma ofis ta bar mu da jakunkuna.

Na yi ta juya maganarta har yamma, kuma ban sami inda zan kama ta ba. Tokar kyanwa da ta ƙaramin kare, idan an niƙa, ba mai raba su da ido, wutar kuma ba ta barin abin da za a kai ɗakin gwaji a ce na wane ne. Jami'an hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, APHA, su ke ba wuri irin namu izini, kuma idan sun zo rajistar zafin tanderu suke dubawa, da takardun jigila, da tsabtar ɗakin sanyi, saboda a idon doka gawar kyanwar tsohuwar nan ragowar dabba ce da ake so a kawar ba tare da cuta ta yaɗu ba. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi tokar wa ke cikin wane akwati ba. Akwai ƙungiyar masu maƙabartu da wuraren ƙona dabbobi masu zaman kansu, APPCC, mai ƙa'idojin aiki da suka fayyace ma'anar kaɗaici, sai dai shiga cikinta ganin dama ne. Hukumar kula da gasa a kasuwanni, CMA, ta buɗe cikakken bincike kan harkar likitocin dabbobi a watan Mayun 2024, bayan ta gano cewa manyan kamfanoni shida sun mallaki kusan kashi 60 cikin 100 na asibitocin, wasunsu har da wuraren ƙonawa nasu, kuma kuɗin ƙonawa yana cikin abubuwan da ta sa wa ido. Wannan ya shafi farashi da zaɓi. Tsagar bulo kuwa ba mai leƙa ta sai mai riƙe da buroshi.

Wani lokaci nakan ga kamar masu binnewa sun fi mu sauƙi. A wani lungu na Hyde Park a Landan akwai 'yar maƙabartar da ta fara a 1881, lokacin da mai gadin ƙofa ya yarda aka binne wani kare mai suna Cherry a lambunsa, kuma ta Hartsdale a jihar New York, wadda wani likitan dabbobi ya fara a gonarsa a 1896, tana aiki har yau. Mai binnewa yana tsaye ake saka dabbarsa a rami, ya ga an mayar da ƙasa, ba ya bukatar ya yarda da kowa. Mu kuwa ƙofa muke rufewa, bayan kwana biyu mu miƙa akwati.

Yaya ya kira bayan la'asar kan maganar rufin gida, kuma kamar kullum sai da ya tambaye ni ko yau ma an yi wa mage jana'iza. Ban ji haushi ba. Ni ma da na zo abin dariya yake ba ni, tun da a inda muka tashi mushe juji ake ja a kai, ungulu su ƙarasa aikin. Ban gaya masa labarin tsohuwar ba, domin sai na fara da bayanin dalilin da zai sa mace ta biya tasi saboda toka.

Maman Auta na gaya wa bayan isha'i. Ta saurara har ƙarshe tana ninke kayan yara, sannan ta ce, "Baban Auta, ba kowace gaskiya ake ɗora wa mai makoki ba. In ka je ranar Alhamis ka tono maganar nan, kanka za ka sauke wa nauyi ka ɗora mata." Na ce ai ita ta roƙi gaskiyar da bakinta, ba ni na kai mata ba. Ta ce to sai in zaɓa, amma in tuna matar ita kaɗai take kwana a gidan. Ta ɗauki kayan ta hau sama.

Kafin in tashi daga aiki na kwashe kyanwar da kaina, na niƙa, na tace, na zuba a jakar leda mai kauri na saka cikin akwatin katakon da ta zaɓa, tare da faifan bayan na wanke shi. Na rubuta lambar a takardar shaida, na duba ta sau biyu. Ranar Alhamis zagaye nawa ne idan gwiwar ta yarda, amma na roƙi Dogo ya sake karɓar motar, na kuma manna 'yar takarda a jikin akwatin cewa idan mai shi ta zo a kira ni. Ban yanke abin da zan ce mata ba tukuna. Ƙarfe goma ta ce za ta iso.