Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan maganar korar 'yarmu daga jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni da mai ɗakina muna sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa Majalisar Gudanarwa ta jami'ar da 'yarmu take karatu ta soke hukuncin korar da aka yi mata bisa zargin satar amsa, kuma za ta koma aji a zangon karatu mai zuwa. Alhamdu lillahi.

Godiyarmu ta farko tana ga lauyan da ya rungumi maganar nan bai karɓi ko sisi ba. Lokacin da takardar kora ta iso, shawarar da akasarin mutane suka ba ni ita ce in je in kama ƙafa da wani babba. Barista kuwa zaunar da yarinyar ya yi, ya tambaye ta ko an rubuto mata laifin da ake tuhumar ta da shi kafin ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa, ko an nuna mata rahoton malamin da ya tsare jarrabawar, ko an bar ta ta yi masa tambaya. Babu ko ɗaya da aka yi, takardar gayyatar ma ba ta ƙunshi komai ba sai rana da lambar ɗaki. Daga nan ya fahimtar da mu cewa sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci, kuma tun a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri bayan tarzomar 1983, cikin dalilanta har da cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda aka yi wa ɓarna, wato mai ƙara ne ya zama alƙali. Barista ne kuma ya rubuta takardar ɗaukaka ƙara kafin wa'adi ya cika, damar da dokar jami'ar ta tanada, amma iyaye ƙalilan ne suka san da ita.

Muna godiya ga ɗalibai biyu da suka ba da shaida a rubuce duk da tsoron da abokansu suka riƙa ba su, da malamar da ta ajiye guntun takardar da aka zargi 'yarmu da satar amsa daga ciki kusa da littafin amsarta domin kowa ya ga rubutun ba ɗaya ba ne. Shi ma malamin da ya tsare jarrabawar ya cancanci yabo, domin da aka tambaye shi bai ɓoye ba cewa a ƙasa ya tsinci takardar, tsakanin kujeru biyu, ba a hannunta ba. Ban taɓa ɗaukar satar amsa ƙaramin laifi ba, shi ya sa ba afuwa muka nema ba, bincike muka nema, kuma 'yan Majalisar sun yi shi cikin natsuwa.

Ga limaminmu, da maƙwabtan da suka riƙa shigowa suna lallashin yarinyar a watannin da ta daina fita ko ƙofar gida, da kawunta da ya ɗauki nauyin zirga-zirga, Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri, Ya shiryar mana da zuri'a baki ɗaya.